Shekarar da Muka Ɗauko Tsohon Koci

A shekarar da muka ɗauko tsohon koci, ina aiki a siton wani kamfanin roba a Sharada. Butoci muke yi da bokitai da kujeru, da manyan robobin nan da mata ke wanki a ciki. Aikina shi ne in karɓi kaya daga hannun masu injin, in sa a loda wa motocin 'yan kasuwa. Da la'asar ta yi kuma sai in rufe sito in koma sakataren ƙungiyar ƙwallon kamfani. Ba don na iya ƙwallo aka ba ni muƙamin ba. An ba ni ne don ina da haƙurin zaman taro, kuma ina da babur.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga ma'aikata. Da can, idan an tashi daga aikin safe, sai a taru a wani fili da ke bayan katangar kamfani a yi ta bugu har magariba. A hankali muka fara gayyatar wasu kamfanoni. Muka ci masu jimar fata na Challawa, muka ci masu alewa na Bompai, har direbobin tirela na Dakata suka haɗo tasu ƙungiyar suka zo, muka sallame su. Alhaji mai kamfanin mutum ne mai son ƙwallo tun yana saurayi, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya yi wa ƙungiyar rajista, ya sayi riguna da takalma, ya ware mota guda. Cikin 'yan shekaru sai ga mu a ƙaramin rukunin ƙwararru, inda ɗan wasa ke karɓar albashi don ƙwallo kawai. Ma'aikata suka koma 'yan kallo, aka kawo yara daga Haɗeja da Gumel da Maraɗi, har da wasu daga kudu. Cikin waɗanda suka fara abin a bayan katanga, mutum ɗaya ya rage a fili, wato kyaftin ɗinmu, ɗan baya, wanda a da yake kan injin buta.

Ana shirin shiga sabuwar kaka sai kocinmu ya samu babban kulob a kudu, ya yi mana sallama cikin mutunci ya tafi. Daga ranar kamfani ya rabu biyu.

Alhaji yana son a ɗauko wani dattijo da ke zaune a Hotoro, wanda ya horar da manyan ƙungiyoyin Arewa tun ana jin wasa a rediyo kawai. Ya haura saba'in, kuma ya daɗe da ajiye usur. Ɗan Alhaji, wanda shi ne manajan kamfani, yana son wani matashi ɗan Kumbotso da ya yi kwas ɗin horarwa ya dawo da takardar shaida, yana yawo da kwamfuta a jaka. Uba da ɗa ba su taɓa yin gardamar a gabanmu ba, don manaja ba ya ɗaga murya a gaban mahaifinsa. Mu ne muka ɗauke musu ita.

A bakin get akwai rumfar wata mai shinkafa da wake, nan ma'aikata ke cin abincin rana, nan kuma aka mai da majalisa. Masu son tsoho suna zama a benci ɗaya, masu son yaro a ɗayan. Wani mai gyaran janareta ɗan Damagaram shi ne jagoran masu son tsoho. Yakan ce, "Ku kun san abin da ake kira wasan waje kuwa? Ka je garin mutane, alƙalin wasa nasu, 'yan kallo nasu, har iskar ma tasu ce. Kwamfuta ce za ta fid da kai?"

Sai wani matashi mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ce, "Malam, ƙwallon da tsohon nan ya sani ta tafi tare da rediyo mai batir shida. Yanzu gudu ake yi. Shi kuwa ko daga benci zuwa bakin layi sai an riƙe masa hannu."

Ni a bencin masu son yaro nake zama. Na taɓa ganin matashin kocin nan na Kumbotso yana bayani a kan allo, ya burge ni, kuma a lokacin ina ganin duk wanda ya girme ni da shekara ashirin ya kamata ya koma gida ya huta. Mai abincin ita ce ta fi kowa cin riba, domin mutane sun daina tashi da wuri, gardama tana sa su ƙara faranti.

Wata Laraba Alhaji ya kira ni ofis. Ya ce, "Sakatare, gobe ka raka manaja Hotoro, ku gaishe min da dattijon nan. Ku ji ko yana da sha'awa. Ban ce ku yanke komai ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A mota manaja bai ɓoye min ba. Ya ce fatansa tsohon ya ce a'a da bakinsa, kowa ya huta. Na ce ni ma haka.

Gidan ƙarami ne mai tsabta, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Muka tarar da shi zaune a kan tabarma, dogo, siriri, gemunsa fari tas, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda gwiwa. Ya karɓe mu da fara'a, ya tambayi lafiyar Alhaji, ya tambayi kasuwa. Da manaja ya gabatar da abin da ya kawo mu, sai ya yi dariya ya girgiza kai.

Ya ce, "Ɗana, ka gode wa mahaifinka. Amma ni na gama. Ka ga gwiwar nan? Ko sujada sai da dabara. Ku nemi yaro."

Na ga fuskar manaja ta saki. Har ya fara gyara hula zai yi godiya, sai muka ji murya daga bayan labule.

"Malam, ku ji tsoron Allah."

Hajiya ce, matarsa. Ta fito da tiren ruwa da kofuna, ta ajiye, ta gaishe mu, ta samu kujera ta zauna kamar da ita aka zo yin maganar. Ta dubi manaja ta ce, "Ɗana, kada ka saurare shi. Tun da ya bar aikin nan ban huta ba. Idan ana wasa a talabijin, shi ne kocin ɓangare biyu. Jikokina sun daina zuwa da ƙwallo gidan nan, don da ya gan su zai jera su ya ce su yi ta zagaya mangwaro. Ran nan na same shi yana yi wa mai kawo mana ruwa faɗa wai bai iya tsayuwa ba, idan aka ture shi zai faɗi. Don Allah ku ɗauke shi. Ko ba albashi, ku dai fita da shi da safe ku dawo min da shi da yamma."

Tsohon ya ce, "Hajiya, baƙi ne fa."

Ta ce, "Saboda baƙi ne nake faɗa. Na gida sun gaji da ji."

Manaja ya yi ta ƙoƙarin danne dariya har ta ƙwace masa. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murmushi, can ya ɗago ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, "Yaran naku, 'yan baya nawa kuke tsayarwa?" Daga wannan tambaya ba mu bar gidan ba sai da aka kira azahar.

Da muka koma, uba da ɗa suka rufe ƙofa suka daidaita. Tsoho zai zama babban koci, matashin kuma mataimakinsa. A rumfar mai abinci kowane benci ya ce shi ya yi nasara. Ni kuma aka ƙara min aiki: in ɗauko tsohon a babur daga Hotoro duk ranar atisaye, in mai da shi. Ya ƙi motar kamfani, wai sanyin cikinta yana shiga masa gwiwa.

Yara suka sa masa Baba Koci, mataimakin kuma Ƙaramin Koci. Makon farko ba a ji daɗi ba. Baba ya ce filinmu ya yi laushi da yawa, ya sa aka kwashi yara zuwa bakin kogin Challawa, inda masu tifa ke ɗiban yashi, ya ce su yi gudu a cikin rairayi. Idan iska ta juyo daga wajen kamfanonin fata, sai ka ga yaran kudu sun toshe hanci suna haki. Shi kuwa yana zaune a kujerar roba irin tamu, ƙarƙashin lema, yana kiran su da sunayen da ba nasu ba. Sunayen 'yan wasan da ya horar tun kafin a haife su yake kira. Da farko yaran sun ji haushi. Daga baya suka gano cewa idan ya kira ka da sunan wani tsohon gwani, to ka burge shi ne, sai aka koma rububin sunayen.

Ƙaramin Koci bai ji daɗin gudun yashi ba, kuma ya faɗa. Mutum ne mai ladabi, amma ba ya haɗiye magana. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, idan suka yi wannan kullum, kafin a fara kaka cinyoyinsu sun gaji. A rage zuwa sau ɗaya a mako."

Baba ya dube shi ya ce, "Da wannan yashin na ci kofi, kana cikin zanin goyo."

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma a lokacin ba a buga wasa biyu a mako."

Na zaci za a yi rigima. Sai kawai Baba ya ce a tashi. Washegari a kan babur ya ce min, "Yaron nan yana da baki." Da muka wuce shataletale ya ƙara da cewa, "Amma bai yi ƙarya ba." Aka rage gudun yashi, ba tare da ya taɓa cewa shawarar wane ce ba.

Abin da ya haɗa su shi ne bidiyo. Ƙaramin Koci yana da abokai a garuruwa da ke ɗauko masa wasannin abokan karawarmu da waya. Ranar da ya fara kunna wa Baba a kwamfuta, tsohon ya ce shi ba ya kallon ƙwallo a cikin faranti. Bayan minti kaɗan sai ga shi ya jawo kujera. Ya ce, "Tsaya. Mai da shi baya. Ka ga lamba ukun nan? Ba ya waiwaye ta hagu." Da ya gane ana iya tsayar da mutum a tsakiyar gudu, a mai da shi baya, a sake sakinsa, sai ya zama kamar yaron da aka saya wa keke. Ya riƙa cewa da yana da wannan abin a zamaninsa, da babu wanda zai ci shi. Sau da yawa sai na yi ta jira da babur a kunne, su biyu sun haɗa kai a kan kwamfuta, Hajiya tana kirana a waya tana tambaya ko mun sayar mata da miji ne.

Aka fara kaka lafiya. Mun ci a gida, mun yi canjaras a waje. Wasan da ya sa na fara sauya benci a rumfar mai abinci shi ne wanda muka je wani gari a gabas, inda aka san 'yan kallonsu da zafin kai. Tun a hanya yaranmu suka yi tsit. Da muka isa, Baba bai bari an wuce masauki ba. Ya sa direba ya tsaya a ƙofar wani gida a tsohon gari, ya shiga shi kaɗai da sandarsa. Ashe gidan wani tsohon ɗan wasansa ne, wanda yanzu dattijo ne mai faɗa a ji a wajen magoya bayan garin. Da yamma mutumin ya rako mu fili da kansa, ya zauna a bencinmu har aka busa usur. An zage mu, ba a fasa ba, amma ko ledar ruwa ba a jefo mana ba. Muka ci ɗaya mai ban haushi, muka fito ta babbar ƙofa, har wasu suna miƙo wa Baba hannu. A hanyar dawowa yara suna waƙa, shi yana barci, bakinsa a buɗe.

Matsalar da ta zo daga baya ta kyaftin ce.

Kyaftin ya haura talatin da biyar a lokacin. Mutum ne mai natsuwa, ba ya faɗa, kuma duk ma'aikacin kamfani yana ganinsa kamar shi ne a cikin fili. Idan ya tare ƙwallo, masu injin kan ce "mun tare." Amma ƙafarsa ta yi nauyi. Ƙaramin Koci ya gani tun farkon kaka, ya nuna wa Baba a bidiyo yadda yara masu gudu ke wuce shi, ya ce akwai wani ɗan Gumel a benci da ya kamata a gwada. Baba ya ce a'a. Ya ce ɗan baya da kai yake wasa, ba da ƙafa ba, kuma kyaftin yana ganin ƙwallo tun kafin a bugo ta.

Damina ta kankama, filaye suka yi santsi, sai abin ya fito fili. Aka ci mu a gida, ta gefen kyaftin. Aka sake cin mu a waje, ta nan dai. Wasa na uku wani yaro ɗan ƙarami ya zagaye shi sau biyu, na biyun har kyaftin ya zame ya zauna a cikin taɓo, 'yan kallon waje suka yi ta dariya. Muka gangaro ƙasan teburi, aka fara maganar faɗuwa daga rukuni. A bakin get masu son yaro suka samu baki. Suka ce ga shi nan, tsoho ba ya iya ajiye tsoho. Manaja kuwa ya daina zuwa atisaye.

Ranar Litinin da na ɗauko Baba daga fili, ya ce kada in yi Hotoro. Ya ce, "Ka san gidan kyaftin?"

Na ce, "Na sani, Baba. A Kumbotso yake."

Ya ce, "Mu je."

Muka same shi a ƙofar gida yana wanke takalmansa na ƙwallo. Da ya gan mu ya miƙe da sauri, ya shimfiɗa tabarma, ya aika a kawo fura. Na so in ba su wuri, Baba ya ce in zauna. Ya daɗe yana hira a kan wasu abubuwa, damina, tsadar taki, makarantar yaran kyaftin. Sannan ya ajiye ludayi.

Ya ce, "Ɗana, na zo in gaya maka abin da ya kamata in gaya maka tun wata biyu da suka wuce. Ranar Asabar ba za ka fara ba. Bayanta ma ba na jin za ka fara."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani, Baba. Tun ranar da na zauna a taɓo na sani."

Baba ya ce, "Laifin nawa ne, ba naka ba. Na bar ka a ciki don ina jin daɗin kallonka. Kana wasa irin na mutanen da na sani. Yaron nan mataimakina ya gaya min gaskiya, na ƙi ji." Ya shafa gwiwarsa. "Ni da aka ajiye ni lokacin ina ɗan wasa, a allon sanarwa na gani. Na zo da jakata, na duba, babu sunana, babu wanda ya ce min komai. Na koma gida a ƙasa. Shi ya sa na zo har gidanka."

Kyaftin ya share ido da bayan hannu, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To Baba, yanzu injin buta zan koma ke nan?"

Baba ya ce, "Injin buta yana nan, ba ya gudu. Amma kafin nan ina son ka zauna kusa da ni a benci. Ɗan Gumel ɗin nan yana da ƙafa, ba shi da ido. Kai za ka ba shi."

Muka sha furar har ƙasa. Da za mu tafi, matar kyaftin ta aiko da ƙwai a leda a kai wa Hajiya, Baba ya riƙe su a cinya har Hotoro yana ce min in bi a hankali.

Ranar Asabar kyaftin da kansa ya ɗaura wa golanmu ƙyallen kyaftin a hannu, a gaban ma'aikata, don kada wani ya ce an yi masa wulaƙanci. Ya zauna tsakanin koci biyu. Duk lokacin da ƙwallo ta fita, sai ka ga ya miƙe yana nuna wa ɗan Gumel inda zai tsaya. Yaron ya yi kurakurai, amma idan an wuce shi yana iya juyowa ya kamo mutum. Ba mu ci ranar ba, ba a kuma ci mu ba. Mako na gaba muka ci. Manaja ya dawo atisaye, har ya zo da lemo.

Ba zan ce mun zama abin tsoro ba. Mun ci wasu, an ci mu wasu. Muka shiga wasan ƙarshe muna bukatar canjaras kawai don mu tsira a rukuni. A gida aka yi shi, Alhaji ya ba masu aikin rana hutu, har masu jimar fata na Challawa da muka saba ci a da suka zo goya mana baya. Aka fara cin mu kafin hutun rabin lokaci. A ɗakin canza kaya na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya zauna ya ce wa Ƙaramin Koci, "Gaya musu abin da ka gani." Matashin ya yi bayani a kan allo, ya canza mutum biyu. Da ya gama, Baba ya miƙe da sandarsa ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗarsu, kuma a ranar kowa da sunansa na gaskiya ya kira shi. Ana saura kaɗan a tashi muka samu kwana, ɗan Gumel ya taho daga baya ya sa kai, ƙwallo ta shiga. Mai gyaran janareta ya rungume mai motar ɗaga kaya har hularsa ta faɗi, aka tattake ta, bai ko nema ba.

Bayan an yi sallar magariba a bakin fili na ɗauki Baba. An yi yayyafi, gari ya yi sanyi, titi yana sheƙi. Mun kusa Hotoro ya taɓa min kafaɗa ya ce in tsaya wajen wani mai tsire. Ya sa aka yanka mana, da gurasa, aka barbaɗa yaji sosai. Muka zauna a benci. Ya ce likita ya hana shi jan nama, Hajiya kuma ta fi likitan tsanani, don haka abin da ya faru a nan ya tsaya a nan.

Yana ci ya ce, "Sakatare, gobe zan je in ga Alhaji. Na gama."

Na ce, "Haba Baba, yanzu da abin ya fara daɗi?"

Ya ce, "Rabin lokacin nan na yau, da ni kaɗai ne, da ban canza kowa ba. Ban ga abin da yaron ya gani ba. A da ina gani." Ya tsoma gurasa a yaji. "Ba na so sai wani ya hau babur ya zo har gidana ya gaya min."

Sai na ce a ƙaro tsire.

Alhaji ya yi ta roƙonsa, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne ya riƙa raka ƙungiya wasannin waje, saboda garuruwan da yake da mutane. Ƙaramin Koci ya zama babba, ya ɗauki kyaftin mataimaki. Sun yi kaka biyu tare kafin matashin ya samu wani kulob da ya fi namu, kyaftin ya gaje shi.

Daga baya na bar kamfanin na koma wani aiki a Bompai, amma duk sallah nakan je Hotoro gaisuwa. Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar an yi masa aikin gwiwa, yana koyon tafiya a tsakar gida da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ya ce in tsaya a can bakin ƙofa in gani. Ya tako a hankali har inda nake, ya kama hannuna, yana haki yana dariya, ya ce in shigo a zuba min abinci.